Jirgin da Ake Yi wa Ban Ruwa

"Ku tura! Don Allah ku ƙara turawa!"

Mutum goma sha huɗu suka sake kafa kafaɗunsu a jikin jirgin, laka ta haɗiye su har gwiwa. Jirgin ya yi wata ƙara, ya ɗan karkata, sannan ya koma ya zauna daram inda yake zaune wata biyu ke nan. Mainasara ya ɗaga kai ya dubi bakin gulbi. A inuwar gawo, gawar mahaifinsa tana kan makara, an rufe ta da tabarma, an riga an yi mata salla.

Liman Sama'ila ya tattare rigarsa ya matso har inda laka ta fara.

"Mainasara, rana tana yi hwa. Gawa ba ta jiran damina. Ga maƙabarta nan bayan gari, an kai mutanen kirki can."

"Malam, wasiyya yab bari. Ƙetare yac ce, kusa ga Inna."

"Na sani. To da mi za mu haye?"

Mainasara ya dubi ƙetare. Daga inda yake tsaye ana hango tsohon garinsu a tsallake, wanda ambaliya ta tashe su daga shi shekaru da dama, da tsamiyar tsohuwar maƙabarta. Jifa biyu ne tsakani. Amma daga nan zuwa tsakiya laka ce da ruwa iyakar gwiwa, a tsakiya kuma ruwan ya shanye tsawon mutum. Ba a ratsa shi da makara a kafaɗa. In kuwa ta gada za a zaga, sai an kai kusa da Shagari a dawo ta cikin yashin da mota ba ta shiga, ko la'asar ba a isa ba.

Abin takaicin shi ne, wanda ke kwance a makarar nan Malam Nuhu ne mai fito. Shekara arba'in yana haye da mutane wannan gulbi da gorar tuƙi da ɗan kwale-kwalensa da yake kira 'Yar Baƙa. Bai taɓa karɓar kuɗin fiton gawa ba, bai taɓa karɓar na mai naƙuda ba, kuma ba a taɓa jin an ce gawa ta jira shi a bakin ruwa ba. Yau ga tasa tana jira, ɗansa na cikinsa yana da jirgin da ya fi na kowa girma daga nan har Dandin Mahe.

Shekara uku da suka wuce ne Mainasara ya je Yawuri biki ya ga jiragen can, masu cin mutum hamsin da babura da buhuna, inji yana ruri a bayansu. Tun daga ranar 'Yar Baƙa ta zame masa abin kunya. A lokacin idon Malam Nuhu ya riga ya tafi, fito ya dawo hannun ɗan. Da ya kawo maganar, tsohon ya ce, "Jirgi kamat takalmi na, da ƙahwa aka gwada shi. Gulbinmu ƙarami na." Mainasara ya ce to, Baba, ya fita ya sayar da fadamarsa ta albasa da shanun huɗa biyu. Da kuɗin motar da za ta ɗauko jirgin suka gaza, sai ya sayar da 'Yar Baƙa ga Bilyaminu, abokinsa tun na wasan ƙasa, wanda yake son ta don jigilar albasa.

Wannan bai iya gaya wa tsohon ba. Al'adar masu fito ce in za a huta da kwale-kwale a cika shi da ruwa a nitsar da shi, don katako ya sha ya kumbura, kada rana ta tsage shi. Sai ya ce wa uban ya nitsar da ita a gurbi mai zurfi. Lokaci-lokaci tsohon yakan tambaya, "'Yar Baƙa tana sha?" Shi kuma ya ce, "Tana sha, Baba." Shekara uku tana sha.

Daminar farko, a faɗi gaskiya, ya ci zamaninsa. An rubuta wa jirgin Nasara Daga Allah da jan fenti, ranar kasuwa har gefe mutane ke zama. Mainasara ya fara sa hula a karkace. Amma kitse ake gani, ashe rogo ne. Gora ba ta shan komai, inji kuwa sai an ba shi ya sha kafin ya gaishe ka. Da man fetur ya yi tsalle, ya zama ba ya tashi sai jirgi ya cika, mai sauri da marar lafiya duk su zauna a rana suna ƙirga masu zuwa. Farfela ta daki tudun yashi sau uku. Fulogi, baƙin mai, ƙusa, kwalta, makaniki daga Sakkwato da kuɗin motarsa da abincinsa. Ɗakin matarsa Rahamatu ya yi damina biyu yana yoyo, kwaltar da za a liƙe shi tana jikin jirgi.

Da mutane suka gaji da jira, sai suka riƙa zamewa ƙasa-ƙasa wurin Bilyaminu, ya haye da su uku-uku a kan buhunan albasa. Mainasara ya kai ƙararsa gaban mai gari, ya ce da bakinsa, a gaban jama'a, wanda ya sayi tsumma ba zai yi gasa da mai riga ba. Tun daga ranar ko sallama ba ta haɗa su.

Abin da ba wanda ya gaya masa a Yawuri shi ne, don ruwan da ba ya janyewa aka ƙera jirgin. Bana inji yana kwance ana jiran farfela, masu albasa suka tayar da injinan ban ruwa, cikin mako guda gulbi ya ja baya ya bar jirgin a laka. Ba ya tafiya, ba ya nitsuwa. In an bar shi rana ta tsage shi. Don haka safe da yamma Mainasara yake ɗaukar bokiti ya yi ta watsa masa ruwa ciki da waje. Masu wucewa sukan ce, "Sannu da ban ruwa, Mainasara. Yaushe za a cire?" Yakan yi dariyar yaƙe. A fadamar da ya sayar kuwa, albasa ta yi kai kamar ƙwarya.

Jiya da la'asar, da jikin Malam Nuhu ya tsananta, ya lalubo hannun ɗansa ya riƙe. "In ta yi, ƙetare za ka kai ni. Ka tsamo 'Yar Baƙa, da ita za ka haye da ni." Mainasara ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, ya ga yadda ƙirjin tsohon yake hawa da sauka, ya ce, "To, Baba." Bayan sallar asuba rai ya yi halinsa. Shi ya sa tun da hantsi yake wahalar da mutane da turin jirgi: in babban ya motsa, ba sai ya je inda ba ya son zuwa ba.

"Mu ƙara gwadawa?" wani ya tambaya, yana haki.

Mainasara ya dubi mutanen, dattawa a cikinsu, laka har gemu. Kunya ta rufe shi.

"Ku bari nan," ya ce. "Malam, a ba ni ɗan lokaci."

Ya bi bakin gulbi ya yi ƙasa, ba takalmi. Ya ga Bilyaminu a sahun ƙarshe wajen salla, daga nan bai sake ganinsa ba, kuma bai ga laifinsa ba. Tafe yake yana shirya magana yana rushewa. Da na sani ƙeya ce, yau kuwa ji yake ta yi masa nauyin da wuyansa ba zai ɗauka ba.

Ya sha kwanar da ke bayan gonakin albasa ya tsaya cik. Ga 'Yar Baƙa a bakin gurbi, buhunan albasa an sauke su an jera a tudu. An wanke ta fes, an shimfiɗa sabuwar tabarma a cikinta. Bilyaminu yana zaune a gefe, gora a kan cinyarsa.

"Bilyaminu," Mainasara ya fara. "Abin da nic ce gaban mai gari..."

"Ba yau ba." Bilyaminu ya miƙe ya miƙa masa gorar. "Allah shi jiƙan Baba. Shiga, rana ta yi."

Inda babban jirgi ya kasa motsi, 'Yar Baƙa ta sulala kan ruwan da bai kai gwiwa ba har kusa da gawon. Aka ɗauko makara aka kwantar, ta shige daidai kamar da ita aka auna. Liman ya zauna wajen kai, mutum biyu masu haƙa suka tsuguna da magirbi da shebur.

"Af," Liman ya ce. "Itacen ruhwa kabari hwa? Ƙetare babu icce, an sare duka sai tsamiya."

Mainasara ya sauka ya haye babban jirgin. Ya kama katakon bencin farko ya ja. Ya zaci sai an kawo guduma, sai ga shi ya taso a hannunsa, ƙusoshin sun saki. Duk ban ruwan nan na wata biyu, ashe rana ta riga ta yi aikinta. Ya ciro guda takwas ya tara a bakin ruwa, a ɗauka a sawu na biyu.

Ya kafa gora ya tura. Shekara uku rabonsa da ita, amma hannu bai manta ba. A tsakiya, inda ruwan ya yi duhu, Liman yana ta salati ƙasa-ƙasa, shi kuwa hawaye ne ke zuba, bai samu hannun sharewa ba.

Suka sauke gawa da Liman da masu haƙa, suka juyo shi da Bilyaminu ɗaukar katako da sauran jama'a. A nan ne, da ba tabarma a ciki, idon Mainasara ya sauka a kan wani faci kusa da ƙafarsa. Gwangwanin madara ne aka buɗe aka lanƙwashe bakinsa ciki, aka cusa audugar rimi da kwalta, ƙusa uku sama, biyu ƙasa. Kwaltar ko ƙura ba ta gama kamawa ba. Mutum ɗaya ya sani a duniya mai faci haka.

"Wa yay yi ma wanga liƙi?"

Bilyaminu ya dubi facin.

"Baba na, Malam Nuhu."

Gorar ta kusa kuɓuce wa Mainasara.

"Duk randa kat tahi Sakkwato biɗar kayan inji, sai shi aiko in zo in jawo shi. Shi zauna nan shina lalube da hannu, inda duk ta hwara yoyo sai ya gane. Wanga na watan jiya na."

"Tun yaushe yas sani?"

"Tun sati na hwarko. Yac ce ya ji ƙaran gora bisa gehenta daga gida. Yac ce ko cikin jirage ɗari shina gane muryatta."

Kwale-kwalen ya fara juyawa da su a hankali, ba mai tuƙi.

"Kuma shina tambaya ta ko tana sha," Mainasara ya ce. "Ni ko ina ce mai..."

"Yac ce kar in gaya ma. Wai kayan da kad ɗauka sun ishe ka, ba sai an ɗora ma kunya bisa ba." Bilyaminu ya share fuskarsa da hannun riga. "Zuwanai na ƙarshe yac ce min, in ta yi, in wanke ta in aje. Amma kar in kawo ta. Sai ka zaka da ƙahwarka."

Mainasara ya tsuguna ya ɗora tafin hannunsa a kan facin. Rana ta gasa gwangwanin, ya yi ɗumi. Ya yi kuka irin wanda bai yi ba da asuba, Bilyaminu ya karɓi gorar ya ƙarasa da su.

Sawu bakwai suka yi. Aka sa Malam Nuhu kusa da matarsa a gindin tsamiya, aka jera katakan benci a kansa, na ƙarshen da sauran jan fenti a gefensa, aka toshe da laka aka mayar da ƙasa. Da aka gama dawo da kowa, Mainasara ya sa hannu a aljihu zai biya kuɗin fito. Bilyaminu ya dube shi, kallo ɗaya, Mainasara ya janye hannun ba komai.

Bayan la'asar, da masu gaisuwa suka ɗan tsagaita, ya ga kansa a bakin gulbi da bokiti a hannu. Ƙafa ce ta kawo shi, lokacin ban ruwa ya yi. Jirgin yana nan zaune a laka, wuraren bencina sun yi wagege, wata tsaga ta buɗe daga baki har kusa da sunan. Ya ɗebo ruwa cike da bokitin, ya tsaya da shi har hannunsa ya gaji.

Sai ya mayar da ruwan gulbi, ya bi baki ya yi ƙasa. Bilyaminu yana mayar da buhunan albasarsa ɗaya bayan ɗaya. Sawu bakwai da jama'a sun tara wa 'Yar Baƙa ruwa a ciki har idon sawu.

"Dakata da lodin," Mainasara ya ce.

Ya naɗe wando, ya shiga, ya fara kwalfewa.