Wurin Yatsun Baba

Kwana shida da binne Baba, Mama ta ce in ɗauko mata hularsa ruwan toka daga bayan ƙofa, tana so ta riƙe ta gobe a coci wajen addu'ar bakwai. Na je na tarar da ƙusa kawai.

"Baffanki Custódio ne," in ji ta. "Jiya ya kwashe hulunan cikin kabad wai zai goge, ashe ya haɗa da ita. Je ki karɓo, Benedita, kafin ya sa mata tururi. Wurin yatsun babanki nake so."

Baba da ƙanensa sun yi shekara talatin a wata masana'antar huluna nan garin São João da Madeira. Da aka rufe ta suka koma tara tsofaffin hulunan gashin zomo. Baba ya cika kabad biyu, amma guda ɗaya yake sawa. Yakan ce a da hula takan fito daga masana'anta samanta a dunƙule, mai ita ne ke lotsa ta garin cirewa yana gaida mutane, daga nan salo iri-iri ya samo asali. Tasa ta lotsa ta hagu, don bahago ne, akwai kuma ɗan duhu inda babban yatsansa ke sauka.

Tun da ya rasu ban yi kuka ba. Nakan ji maganar mutane kamar kunnena cike da ruwa. A hanya na shirya abin da zan faɗa, na maimaita sau uku.

Na sami Baffa a ɗakin aikinsa na bayan gida, buta tana tafasa. Hular Baba na kan tebur, ba a taɓa ta ba.

"'Yar jami'a, shigo. Kada ki jingina da waccan, ta girmi uwarki." Ya ɗaga ta Baba wajen taga. "Kin ga ɓarnar ubanki? Tun muna samari nake ce masa a baki ake kama hula, ba a ka ba. Kunnen ƙashi. Mutum ya san gashin zomo kamar yunwar cikinsa, amma yana damƙar hula kamar zai kama kaza."

"Baffa, Mama ce ta ce..."

"Na sani, gobe ne. Minti biyar. Ba za a ce matar yayana ta shiga coci da hula kamar an zauna a kanta ba."

Idanunsa sun yi ja. Sauran maganar tana bakina. Na dubi butar, na dubi ƙeyarsa da aski ya wuce lokaci, irin ta Baba sak.

Ya kara hular a bakin buta. Tururi ya shige ta, ɗakin ya ɗauki warin jiƙaƙƙen gashi da man kan Baba. Ya sa dunƙulen hannu ta ciki ya tura, lotsin ya fito ba ko ƙara. Ya zura ta a katako mai siffar kai, ya shafe da tafin hannu, ya bi da burushi har duhun ya ɓace. Yana yi yana ba ni labarin shekarar da aka ƙera ta. Ina tsaye ina cewa to.

"Ungo. Haka ta bar hannunmu a masana'anta. Da yana nan da ya zage ni, amma a ransa ya san na fi shi iya aiki."

Na yi godiya. Ya nuna mini yadda zan riƙe ta a baki da hannu biyu, haka na kawo ta gida.

Mama ta karɓa ta juya ta a hankali. Ta kai yatsun hagu saman hular, ta rasa inda za ta ɗora su.

"Kin tarar ya riga ya gama?"

"Bai fara ba."

"Me kika ce masa?"

"Ban ƙarasa ba."

Ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye ta a kan kujera, ta tambaye ni ko na goge baƙin siket ɗina.

Washegari ta shiga coci hannayenta cikin aljihun kwat. Baffa yana bencin bayanmu. Ana tsakiyar waƙa ya sunkuyo ya taɓa kafaɗata.

"Ina hular?"

"Tana gida," na ce.