Faɗuwar Namfon Tun Kafin Naushi

Namfon 'yar dambe ce mai shekara goma sha biyar a garin Khon Kaen. Don ta shiga ajin masu nauyin kilo arba'in da biyar, sai ta koma cin kokwamba zalla, tana gudun kilomita goma kullum. Al'adarta ta ɗauke wata uku, amma ta ɓoye wa kakarta, Yai Bunmi.

Ranar gasa, tana cikin rawar gaisuwa ta kafin dambe, jiri ya kwashe ta, ta zube. Abokiyar karawarta ta ɗaga hannuwa a firgice: "Na rantse ban taɓa ta ba!"

A asibiti likita ta ce yunwa ce, har ƙashinta ya fara rauni. Babu horo sai ta murmure.

Yai Bunmi ta dire mata shinkafa mai danƙo da gasasshiyar kaza. "Ci, 'yar nan. Shekara sittin ina kallon dambe, ban taɓa ganin wadda iska ta kayar ba sai ke."

"Kaka, kocina zai yi faɗa in na ƙara nauyi."

"Wane shi! Ga shi can bakin ƙofa yana sosa ƙeya, na gama da shi."

Namfon ta cinye tas, ta miƙa kwanon a ƙara mata.