Bangon Ɗakin Inna Hure

Asama'u ta ƙara girman hoton a kwamfuta, sai bangon da ke cikinsa ya tarwatse ya zama ɗigo-ɗigo, ja da ruwan ƙasa, kamar an watsa dawa a tabarma. Ta rage shi, ta sake ƙarawa. Haka dai.

"Ki hanzarta fa," in ji Kamilu mai shagon, yana leƙa batirin sola. "Hadari ya rufe rana, ni kuma rabona da sayen man janareta har na manta."

Ranar kasuwar Ɗanbatta ce, amma shagon shiru. Tun da rayuwa ta yi tsada mutane suka rage buga katin biki da kalanda. Asama'u zanen gine-gine ta karanta a Kano. Ta gama, ta yi yawon neman aiki har ta gaji, ta dawo ƙauye. Yanzu duk ranar kasuwa take zuwa da tsohuwar kwamfutarta, masu walda su kawo mata hoton ƙofar da suka gani a wani gida, ta mayar musu da shi layi-layi, su kai birni inji ya yanka. Manhajar zanen gini ba ta san hoto ba, layi ta sani da awo.

Aikin yau kuwa na gida ne. Ruwan Agusta ya kayar da bangon ɗakin mahaifiyarta, Inna Hure, wadda ta rasu bara. Mahaifinta, Malam Nababa magini, shi ya yi wa bangon ado da hannunsa shekarar da ta tare. Yanzu yanar ido ta rufe masa gani. Tun da bangon ya faɗi ya daina fita majalisa, tuwo ma sai ya taɓa ya ture. Sabo, wanda ya koyi gini a hannunsa, ya ce zai tayar da bangon ya yi yaɓe, amma zane sai dai a ba shi a takarda daidai girmansa, ya manna ya bi.

Hoto ɗaya tak ya rage, wanda aka ɗauka da waya ranar sunan ɗan yayanta.

Da farko ta bar manhajar ta bi zanen da kanta. Abin da ya fito ya ba ta dariya da takaici. Inuwar darbejiya ta zama layi, igiyar shanya ta zama layi, har wata kaza da ta gifta ta shiga cikin adon. Ta goge duka, ta kama linzamin kwamfutar ta fara bi da hannu, lanƙwasa bayan lanƙwasa. Kafin azahar ta gama gefen hagu da na dama.

Tsakiyar ce ta gagara. A nan Inna take zaune, ta jingina da bango, jariri a cinyarta. Layukan hagu sun shige bayan kafaɗarta, na dama sun ɓace a bayan mayafinta. Asama'u ta yi ƙoƙari ta tuna abin da ke wurin, ta kasa. Duk sanda ta hango wurin a ranta, Inna take gani a zaune.

Ta haɗa layukan da dagi, irin wanda Baba yake sawa a tsakiyar ayyukansa. Ya zauna daram, ya yi kyau.

Kamilu ya leƙo. "Kai, madalla. Mu buga kawai. Wa zai sani? Shi Baba ai ba gani zai yi ba."

"Zai shafa," in ji ta. Ta rufe kwamfutar da sauran cajinta.

Motar ƙauyensu ba ta cika ba sai bayan la'asar, kuma a bakin titi ta sauke su, direba ya ce mansa ba zai kai ciki ba. Ta ratsa gonaki a ƙafa. Gero ya yi kai, amma siriri, don bana ba kowa ya iya sayen taki ba.

Ta tarar da mahaifinta a ƙarƙashin rumfa, ya fuskanci tarin ƙasar da a da bango ne. Kwanon abincin rana na gefensa a rufe.

"Sannu da gida, Baba."

"Asama'u ce? Ya kasuwa?"

"Lafiya lau. Baba, na zana bangon, saura tsakiya. A hoton Inna ta tare wurin."

Ta durƙusa kusa da shi ta buɗe kwamfutar. Ya juyo da fuskarsa wajen hasken.

"Wane zani ne a jikinta?"

"Shuɗin nan mai ganye-ganye."

"Dariya take?"

"Dariya take, Baba. Wani take kallo a gefe."

"Ni ne. Hulata ce ta faɗa cikin kunu ranar."

Ya miƙo hannu, ta kama ta ɗora masa yatsunsa a kan gilashin, daidai fuskar Inna. Ya bar su a nan, ita kuma ba ta ce masa caji na ƙarewa ba.

"Me kika sa a wurin?"

"Dagi na sa."

"Kin yi daidai, dagi na yi. Babba, har mutane na shigowa kallo." Ya murmusa. "Bai yi wata ba ta ce min, 'Malam, adon nan naka cizon bayana yake.' Nan take zama ta tsince wake, nan take yi muku kitso. Na ce ta matsa gefe, ta ce nan inuwa take fara sauka. Sai na ɗauko cokalin gini na kankare shi. Na yi ta shafe wurin, in shafa in kira ta ta jingina, ta ce saura kaɗan, in sake. Duk bangon nan babu inda ya ci min lokaci kamar wurin, kuma ba komai a jikinsa."

Asama'u ta goge idonta da bakin mayafi. Ta zaɓi dagin, ta danna, ya ɓace. Layukan suka tsaya hagu da dama, fili a tsakaninsu.

"Na cire, Baba. In bar shi haka?"

"Bar shi." Ya ɗan yi tunani. "Amma ki buɗa shi kaɗan. Na fi ta faɗin baya."

Ta ja layukan gefe, ta adana aikin, fuskar kwamfutar ta yi duhu. Malam Nababa ya laluba ya jawo kwanon, ya buɗe murfin.

"Aika a kira min Sabo," ya ce. "Kada ya kuskura ya kwaɓa ƙasar nan ba na wurin."