Mataki na Bakwai

Tun da injin daddatsa ciyawa ya cinye masa yatsu biyu na hannun dama, Kawu bai sake riƙe sufana da kyau ba. Shekara ashirin da ɗaya yana haɗa wannan inji a kamfanin, sai ga shi an hau da shi bene, an ba shi tebur da kwamfuta, an ce ya rubuta ɗan littafin da za a riƙa sakawa a kwalin kowane inji don mai saye ya san yadda zai yi da shi. Manaja bai yi masa rufa-rufa ba: in littafin ya ci gwaji, kujera ta zama tasa, in ya faɗi, babu sauran gurbi, sama ko ƙasa.

Wadda aka ɗora a kansa sa'ar 'yarsa ta fari ce, ma'aikata na kiranta Jan Biro a bayan idonta. Ranar farko ya kai mata shafi uku yana ji da kansa, ta dawo masa da su kamar an yanka kaza a kai. Ta ce kowane mataki aiki ɗaya tak, da lambarsa. Abin da ya kira murfi a shafi na biyu kada ya rikiɗe ya zama ƙofa a na biyar. Duk inda ya rubuta "kamar yadda aka saba" ta soke, wai mai saye bai saba da komai ba. Dokar da ta fi nanatawa kuwa ita ce gargaɗi ya zo kafin mataki, cikin akwati, don mutum yana karantawa hannunsa na aiki ne, ba ya jiran ƙarshen shafi.

Wannan ce ta fi ba shi wuya. Shi duk rayuwarsa sai ya gama cewa a yi kaza, sannan ya ƙara da "amma fa ka kula".

Mako shida ya yi a haka, abinci ba ya wuce masa. Ya karanta wa matarsa littafin a bakin kicin tana wanke-wanke, ta ce ashe dama ya iya bayani ɗaya bayan ɗaya, ita ce kawai ba ta ci arzikin ba. Ya so ya yi dariya, dariyar ta ƙi zuwa. Tsoro yake ji, irin na mai shekara hamsin da bai san inda zai kai takardar neman aiki ba.

Gwajin yana da tasa al'adar. Ana ɗauko wanda bai taɓa taɓa injin ba, a ba shi littafin, ya bi shi daga farko har ƙarshe. Marubuci na zaune a gefe, bakinsa alaikum. Ya furta ko kalma ɗaya, an faɗi, tunda ba za a saka shi a kwali tare da injin ba.

Safiyar Laraba aka kira mai sharar ofis, mace mai natsuwa da ke bin layi da yatsa in tana karatu. Kawu ya zauna a benci ya danne hannayensa ƙarƙashin cinya, nasa kwafin a kan gwiwa. Jan Biro na tsaye da allon rubutu.

Mataki na ɗaya ya wuce lafiya, na biyu ma haka. A na huɗu matar ta kunna injin, ta zuba ciyawa, ta yi murmushi da ta ga tana fita a daddatse. Kawu ya zaro hannu ya buɗe shafi na gaba, don dai ya ba idonsa aiki. Nan gabansa ya faɗi.

Mataki na bakwai na can ƙasan shafin: a buɗe murfi, a zaro ciyawar da ta maƙale. Babu akwati a samansa. Ya juya takardar, sai ga gargaɗin a baya, yana cewa a jira rabin minti bayan an kashe injin, don wuƙar na ci gaba da juyawa ba sauti. Shekaranjiya da ya ƙara hoton murfin, bayan Jan Biro ta gama dubawa, shi da kansa ya ja akwatin ƙasa don hoton ya samu wuri, ya manta bai mayar ba. Wannan rabin mintin ne ya ci yatsunsa.

Gumi ya keto masa. Ya ce a ransa wataƙila ta juya shafin tukuna. Wataƙila ta yi jinkiri, ai karatunta a hankali take yi. Ya dubi Jan Biro, kanta na ƙasa tana rubutu. Matar ta kashe injin, mataki na shida ke nan. Yatsanta ya sauko layi na gaba. Ta ajiye littafin, ta ɗaga murfin da hagu, ta miƙa dama.

"Tsaya, Yaya. Cire hannunki."

Bai ma san ya miƙe ba. Matar ta ja da baya. Su ukun suka leƙa ciki, wuƙar na ta juyawa shiru, sai can ta lafa.

Jan Biro ta karɓi littafin, ta duba gaba da baya, fuskarta ta canza. Ta ɗago ta dube shi.

"Kawu, ka san doka. Dole in rubuta an faɗi."

"Na sani, Malama."

Mai shara ta tambaya ko ita ce ta yi kuskure. Ya ce a'a, ita ta bi abin da aka rubuta mata ne. Ta ɗauki tsintsiyarta ta fita, ya bi hannunta da kallo yana ƙirga yatsun.

"Sai gobe Manaja zai ga rahoton, ban san me zai yanke ba," in ji Jan Biro. "Littafin dai ko kana nan ko ba ka nan, sai an buga shi."

Ta miƙa masa jan biron, wanda ba ta taɓa ara wa kowa ba. Ya riƙe shi da yatsu ukun da suka rage, ya zagaye akwatin, ya ja kibiya, ya juyo takardar ya kai shi saman mataki na bakwai.