Hannun Jarin Mai Hoto

"Mayar da biron nan aljihunka," in ji Mai Hoto daga kwance, muryarsa na fita da ƙyar. "Ba zan sa hannu ba."

Ƙaninsa na tsaye a bakin gado da takardar sayar da hannun jari. Tela, maƙwabcinsa a gida da shago, yana kan kujerar roba, ya rasa inda zai sa idonsa.

Tela ya san asalin rigimar. Tun suna samari Mai Hoto ke wanke fim a ɗakin duhu da ke bayan shagonsa. Da kyamarar dijital ta shigo, ciniki ya ja baya, sai ya sayar da injinsa ya zuba kuɗin a kamfanin da ke ƙera katin memori, ɗan abin nan kamar farce da hotuna ke zama a ciki. Duk layin aka yi masa dariya, har da Tela. Shi kuwa cewa yake kowa ya ƙera kyamararsa, dole dai a nemi inda za a ajiye hoton.

Yanzu farashin hannun jarin ya faɗi, ciwon ƙoda ya ci ƙarfinsa, ƙanin yana so a sayar a kai shi babban asibiti, ko da yake likita ya riga ya faɗa musu gaskiya.

"Yaya, maganar rai ake yi."

"Ai raina ne. Abin nan ya kashe mini sana'a, to shi zai ciyar da 'yata. Ba zan bayar da shi a wulaƙance don ƙarin 'yan kwanaki ba."

Mai Hoto ya juyo ya nemi Tela ya zama shaida. Tela bai taɓa yarda da wannan lissafi ba, amma ya ce ya shaida. Ƙanin ya fice ko sallama babu.

Ranar Laraba da hantsi Mai Hoto ya cika, 'yarsa na goge masa goshi.

Bayan an watse daga zaman makoki, ƙanin ya komo da takardar. Farashin bai motsa ba. 'Yar ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baffa, ka yi haƙuri, a bar shi inda Baba ya bar shi."

Washegari Tela ya leƙa shagon ya tarar da ita a ɗakin duhu, tana kankare baƙin fentin taga da reza. Haske na shigowa kaɗan-kaɗan, yana sauka kan tasoshin wanki da suka bushe.