Tarihin da Aka Rubuta wa 'Yar Mai Agogo

"Ba zan sa hannu ba."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ɗan yatsa ɗaya ta tura takardar ta koma gaban Shugaba, kamar mai ture kwanon da ƙuda ya faɗa. A ɗakin taron na'urar sanyaya ɗaki tana ta gurnani. Su bakwai ne a bakin teburin, duka matasa, duka sanye da riga mai tambarin ƙungiya: fensir a cikin dunƙulallen hannu, a ƙasa an rubuta Ilimi Haƙƙinmu Ne.

Shugaba ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa. Bai cika talatin ba, kuma a falon mahaifinsa ya kafa ƙungiyar.

"Malama, ba shawara na nema ba. Masu tallafi za su zo ƙarshen wata, littafin gabatar da ma'aikata kuma ranar Litinin zai tafi ɗab'i. Kowa ya sa hannu a nasa tarihin, saura ke."

Ta riga ta karanta na kowa. A ƙarƙashin hoton Shugaba an jera digiri biyu na ƙasar waje. Mataimakiyarsa, an ce tana jin harsuna uku. Amma su ukun da ke shiga lungu suna koyar da yaran da suka bar makaranta, ba wanda aka ambaci karatunsa, sai wahala kawai aka zuba musu. Nata kuwa cewa aka yi ta taso a gidan da ba a san darajar boko ba, mahaifinta yana yaga mata littattafai, a ɓoye ta yi karatu.

"Wa ya yaga littafin wa?" ta tambaya.

"Salon rubutu ne. Mutanen nan sun gaji da ganin digiri. Hawaye suke saya."

"To ku sayar musu da naku."

Mataimakiya ta taɓe baki, tana duban faratanta. "Mu ina muka ga hawaye? Ke Allah ya ba ki jari a kyauta, kina mana yanga."

Dogo, abokin aikinta na lungu, ya raɗa mata, "Ki sa kawai, 'yar'uwa. Ni a nawa an kashe min uwa, ga ta can gida ƙalau tana shanya."

Wasu suka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

"Ni ce na fi kowa maki a shekarar da na gama jami'a," ta ce. "Ina aka rubuta wannan?"

"Wannan ba ya taɓa zuciya." Shugaba ya mayar da tabaransa. "Kuma tsohon nan da kike karewa, ai ba karatu ya iya ba. A ina zai gani? Kina da zuwa Litinin."

* * *

Rumfar Baba ba ta fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Agoguna sun fi talatin a bango, kowanne da lokacin da yake faɗa, yawancinsu masu su sun manta da su tun da waya ta shigo. A kan teburin akwai ƙananan sukurori cikin murfin kwalba, da hantsaki, da ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido.

A nan ta girma. Baba bai taɓa shiga aji ba, amma shekara shida yana goya ta a keke zuwa firamare, ko ana ruwa, ya lulluɓe ta da leda shi ya jiƙe. In ta dawo sai ya ce, "Zo ki koya min abin da aka koya miki yau, in ga ko kin gane." Ta daɗe tana zaton jarraba ta yake yi. Sai da ta kai aji huɗu ta gane cewa ɗalibi ne na gaske, yana da shekara arba'in yana haɗa baƙi da wasali a bayan kwalin batir. Rigar makaranta ɗaya gare ta, kullum a wanke a goge. 'Yan ajinsu suna kiranta 'Yar Mai Agogo don su ƙona mata rai, ita kuwa ta rubuta sunan da manyan baƙaƙe a bangon littafinta. Ranar da za ta tafi jami'a ya ɗaura mata agogo a hannu, ya gusar da shi gaba da minti goma, wai don kada wani ya taɓa jiranta. Har yau haka yake.

Da ta shigo ta gaishe shi, sai ta hangi irin takardar da ta ƙi sa wa hannu a kan teburin, an danne ta da hantsaki. Kusa da ita ga ɗan akwatin tawada.

"Wani mai kamara ya zo daga wurin aikinku," in ji Baba, bai ɗago daga agogon da yake buɗewa ba. "Mai ladabi. Ya ce in cire hula, in zauna a ƙasa, kada in yi murmushi. Na ce masa hoton gawa za a ɗauka? Sai ya kawo min tawada, wai in dangwala yatsa a nan, takardar godiya ce."

Ta kai ido kan yatsansa. "Ka dangwala?"

"Na ce ya bar min ita tukuna, idona ba ya gani da rana." Ya ajiye agogon, ya jawo takardar, ya gyara gilashin a idonsa. "Na karanta, Malama. Sau biyu. Kalma ɗaya ce ta gagare ni."

Ya ɗora bakin hantsaki a ƙarƙashin kalmar. Ta duba. Kalmar Turanci ce, jahili take nufi.

"Ba kalmar kirki ba ce, Baba."

"Na yi zato."

Agogunan bango suka ci gaba da ƙas-ƙas ɗinsu, kowanne da nasa gudun. Baba ya buɗe akwatin tawadar, ya dubi babban yatsansa.

"In aikinki a kan wannan ya rataya, ai abu ne mai sauƙi. Ni na tsufa, sunana ba ya sa tukunya a wuta. Waɗanda za su karanta ba su san ni ba, ba kuma za su kawo min gyara ba."

Ta miƙa hannu ta rufe akwatin, har murfin ya kusa kama masa yatsa.

"Yatsan da ya riƙe fensir ba zai dangwala tawada ba. Ba a gabana ba."

"Taurin kan nan naki, ban san inda kika gado shi ba."

"Ka duba madubi, Baba."

Ya yi 'yar dariya, amma da ya cire gilashin, idon ya yi ja.

* * *

Ranar Litinin ta riga kowa zuwa. Ta ajiye wa Shugaba tawadarsa a kan tebur, da wata takarda da ta rubuta da hannunta, layi shida: sunan digirinta, da keken Baba, da kwalin batir.

Ya karanta a tsaye, ya yi murmushi. "Uba nagari, 'ya mai ƙoƙari. Wa zai buɗe aljihu saboda wannan?"

"Ka aika a yaudari mahaifina a rumfarsa."

"Na aika a taimake ki."

"Kai da kake kwana kana ihun haƙƙin ɗan talaka, ka taɓa zama a ajin da babu benci? Ko sunan yaro ɗaya a ajina ka sani?"

"Ke, ki iya bakinki," in ji Mataimakiya. "Daga lungu aka tsamo ki."

"Da takardar jarrabawa na shigo nan. Ke da wace kika shigo, ban da sunan babanki?"

Shugaba ya miƙo hannu, tafin a buɗe. "Katin aiki, da makullin aji. Ba korarki na yi ba, tafiyarmu ce ba ɗaya ba."

Ta cire katin daga wuyanta. Makullin ne ya yi mata nauyi. Ajin tsohon shago ne da ita ta share, ta yi masa fenti, ta bi gida gida har ta tara yara arba'in da uku. Ta ajiye shi a tafin hannunsa, ta juya. Dogo ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

* * *

Bayan wata biyu Dogo ya biyo ta rumfar, ya ajiye mata littafin, bai zauna ba. Takarda mai sheƙi, mai ƙamshin sabon ɗab'i. A shafi na tara ta ga tarihin, ko wasali ba a canza ba: gidan da ba a san darajar boko ba, uban da ke yaga littattafai. A samansa hoton wata sabuwar ma'aikaciya ne, ƙanwar Mataimakiya, an yafa mata koɗaɗɗen mayafi, ta langaɓe kai.

Ta rasa aikin. An hana ta takardar shaida, kuma duk ofishin da ta kai takardunta sai ta tarar labari ya riga ta, wai ba ta jin magana. An rufe ajin bayan tafiyar masu tallafi, yaran sun koma inda ta samo su. In ta haɗu da su a hanya sai su riƙa tambayarta yaushe za a buɗe.

Baba ya ɗauki littafin, ya maƙala gilashinsa, ya bi shafin a hankali har ƙarshe.

"Allah sarki," ya ce. "Ko uban wannan ya iya karatu?"

Ya rufe, ya sa shi a ƙarƙashin ƙafar teburin da ke girgiɗi. Sannan ya tambaye ta ƙarfe nawa, don ya saita agogon da ke hannunsa.

Ta duba nata, ta cire minti goma, ta faɗa masa. Agogon yana nan yana gaggawa, ita kuwa ba inda ake jiranta.