Takalmin da Aka Biya Sau Huɗu

Ko kayan aikinta na asibiti Nas ba ta tsaya cirewa ba ta faɗa shagon kayan lantarki, rungume da gwangwanin madara, ƙanwarta Auta na binta tana haki.

"Yana nan? Don Allah ka ce min yana nan!"

Mai shago ya nuna injin wankin da ke lungu. "Shi kaɗai ya rage a tsohon farashi. Na gobe kam sai an ƙara."

Nas ta shafa murfinsa, daɗi kamar ya kashe ta. Hannun nan nata duk sabulu ya cinye shi, tsakanin wankin fararen kayanta da zannuwan gadon Baba da ke kwance ba lafiya.

Dokarta ɗaya ce tun da ta fara ɗaukar albashi. In ta cire na haya da na cefane, duk abin da ranta ya biya ta daure ba ta saya ba, kuɗinsa gwangwani za su shiga. Turare, jaka, har lemon kwalba. Kai, gwangwanin nan ya fi kowa cin daɗi a gidan!

Aka ɓalle murfin gwangwani, mai shago ya ƙirga, kuɗi suka kai har da rara. Sai ga hannun Nas ya danne su a kan tebur, ya ƙi ɗagawa.

"Auta, anya kuwa? Dubi yawansu fa. In na ƙara haƙuri kaɗan..."

"La ilaha! Yaya, kin fara ko?"

"Wallahi tsoro nake ji. Ban saba ganin sun fita ba."

"To ki fasa," in ji Auta, ta harɗe hannu. "Ranki ya biya, ba ki saya ba, sai ki mayar wa gwangwani. Shi ya yi ta ƙiba, ke ki yi ta cuɗa. Ran da Baba ya nemi zanin gado, sai ki shimfiɗa masa gwangwanin."

Dariya ta ƙwace wa mai shago. Nas ta dubi hannunta, ta dubi injin, ta tura kuɗin da sauri kamar suna ƙona ta.

"Ɗauka! Ɗauka kafin in dawo hayyacina!"

Auta ta daka tsalle ta rungume ta. Ana ɗaure injin a bayan mota Nas ta hango shagon da ke maƙwabtaka. Koren takalmin nan da ta daɗe tana sha'awa yana nan a bayan gilashi.

"Kin san sau huɗu na biya wa gwangwani kuɗin takalmin can, ban taɓa ko gwada shi ba?"

Ta damƙe rarar kuɗin ta nufi ƙofar.

"Yaya, gwangwanin fa?"

"Riƙe shi," in ji Nas, ba ta ko waiwayo ba. "Yau shi zai daure."